Ƙarfen Sabis da Maƙwabtansa

Laccar da aka gabatar a Tudun Wada, Zariya

 

 An ce in yi magana a kan nauyin da ya rataya a wuyan kamfanonin wayar salula game da al'umma da muhallin da suke neman kuɗi a ciki. Tun da wuri zan faɗi inda na tsaya, don wanda yake da ja ya fara shirya tambayarsa. A ganina, idan za a auna kamfani, abin da za a fara dubawa shi ne yadda yake samun kuɗinsa da irin cutarwar da yake bari a baya. Kyautar da ya raba daga baya take zuwa. Mu kuwa mun saba da juya lissafin: da zarar an kawo motar kyamara an raba jakunkunan makaranta, sai mu ce kamfani ya sauke nauyi.

Yawancin ɗaliban da ke zauren nan da waya suka buɗe ido, don haka sai an tuna musu. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285. A lokacin layukan waya da ke aiki a faɗin Nijeriya ba su wuce rabin miliyan ba, kuma kusan duka na kamfanin NITEL ne. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Econet ɗin nan shi ne ya yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ya zama Airtel a 2010. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, abin da aka daɗe ana ce mana ba zai yiwu ba, sai ga shi kowa ya bi. Etisalat ya zo a 2008, ya koma 9mobile a 2017. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Mai tumatir a Galma yana jin farashin Legas kafin ya ɗora kwando a mota, uwa tana jin muryar ɗanta da ke karatu a Sakkwato, mai POS a bakin kasuwar Tudun Wada yana ci da iyalinsa. Wannan alheri ne, wanda ya musa shi bai yi adalci ba. Sai dai alheri ne da muke saya da kuɗinmu kullum, saboda haka ba ya cikin lissafin sadaka.

Sadakar ma akwai ta. MTN ya kafa gidauniya a 2004, ya ce zai riƙa zuba mata har kashi 1 cikin 100 na ribarsa bayan cire haraji. Daga nan ake ba ɗaliban kimiyya da fasaha da kuma makafi tallafin karatu, kuma tun 2015 suka ɓullo da wani shiri da jama'a ke gabatar da sunan unguwarsu don a sa mata taransifoma ko rijiyar burtsatse ko kujerun makaranta. Airtel yana ɗaukar nauyin wasu makarantun firamare, kuma a 2021 uwar kamfanin ta Afirka ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da UNICEF, ta dala miliyan 57, don haɗa makarantu da intanet a ƙasashe 13. Ɗalibin da aka biya wa kuɗin rajista a harabar jami'a ta Samaru ko ta Kongo ya san darajar abin da ya samu, ni kuma ba zan raina masa ba.

Amma ku dubi inda aka ɗaura igiyar. An ɗaura ta ne a jikin riba. A 2023, da darajar naira ta karye, MTN Nijeriya ya ba da rahoton asarar kimanin naira biliyan 137, a 2024 kuma kimanin biliyan 400. Ban ce gidauniyar ta rufe ƙofa ba. Abin da nake nunawa shi ne, alkawarin da aka gina a kan riba yana iya ƙanƙancewa a shekarar da babu riba, alhali a wannan shekarar janareton da ke bayan gidanka bai huta ko dare ɗaya ba. Ƙasar Indiya ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na riba a kan al'umma a dokarta ta 2013, amma ita ma igiyar a jikin riba take. Wadda ta fi burge ni ita ce dokar man fetur ta Nijeriya ta 2021, wadda ta ce kamfanin haƙar mai zai ware wa al'ummar da yake aiki a cikinta kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata. Ko an ci riba ko an faɗi, tunda an yi aiki, maƙwabci yana da rabo. Babu irin wannan doka a kan kamfanonin waya.

Wani abin lura kuma: ba duk aikin da aka maƙala wa tambarin kamfani ne kyauta ba. Titin Inugu zuwa Onica da MTN ya karɓi gyaransa a kan sama da naira biliyan 200, ya karɓe shi ne a ƙarƙashin tsarin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019, inda kamfani zai gina hanya a cire masa kuɗin daga harajin da ya kamata ya biya. Wato dai kuɗin baitulmali ne ya bi ta wata ƙofa.

To, mu dawo unguwa, gindin ƙarfen sabis, domin nan ne maganar take.

Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba: yawancin ƙarafan nan ba mallakar kamfanin da ke sayar maka da kati ba ne. Tun wajen 2014 manyan kamfanonin suka sayar da dubban turakunsu ga wasu kamfanoni da sana'arsu ke nan, irin su IHS da American Tower, suka koma 'yan haya a kai. Ta fuskar muhalli wannan ya yi amfani, domin turke ɗaya yana ɗaukar eriyar kamfani biyu ko uku maimakon kowa ya kafa nasa. Ta fuskar maƙwabci kuwa ya ƙara masa wahala. Ya je ofishin da yake sayen layi, a ce masa ƙarfen ba nasu ba ne. Ya nemi masu ƙarfen, a ce janareto yana hannun ɗan kwangila. Ɗan kwangila ya ba wani ɗan kwangilar zuba mai, wani kuma gadi. Wanda maƙwabcin yake gani ido da ido shi ne maigadi, bawan Allah da shi ma jiran albashinsa yake. Ni dai ra'ayina, wanda siginarsa ke fita daga ƙarfen, wanda kuɗin kiran ke shiga aljihunsa, ba zai wanke hannu da cewa haya yake yi ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Me maƙwabcin yake kuka da shi? Ƙara, hayaƙi da mai. Kowa ya san halin wutar lantarki a garin nan, shi kuwa ƙarfen sabis ba ya barci, don haka janareto ne ke riƙe da shi. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa da kanta takan ce suna ƙona man dizal da ya kai lita miliyan 40 a kowane wata. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da iskar kabon da ta haura kilo biyu da rabi. Ku buga lissafin: sama da tan dubu 100 ke nan a wata, daga wannan sana'a kaɗai. Wannan shi ne ɓangaren da ya shafi duniya da ɗumamar yanayi. Ɓangaren da ya shafi Tudun Wada ya fi kusa: tsoho mai hawan jini da tagar ɗakinsa ke kallon salansa, jaririn da ke shaƙar hayaƙi a lokacin zafi da ba a iya rufe taga, da baƙin man da ake juyewa idan an yi wa inji sabis. Idan tankin mai yana yoyo, ko aka zubar da baƙin mai a ƙasa, damina ta zo, ina zai tafi? Unguwannin da ruwan famfo bai wadata ba da rijiya suke rayuwa, kuma rijiyar da mai ya shiga ba a yashe ta sau ɗaya a ce an gama.

Hukumomi biyu na gwamnati ɗaya sun taɓa yin dogon saɓani a kan tazarar da za a bari tsakanin ƙarfe da gidan mutane. Ƙa'idar NCC ta wancan lokacin ta ce mita 5. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da tata a 2011 ta ce mita 10, har ta riƙa rufe wasu turakun, NCC na cewa ba huruminta ba ne. Wanda ya san yadda gidaje suke manne da juna daga Tudun Wada zuwa Gyallesu ya san mita goma fili ne babba. Amma kamfanin da ya damu da maƙwabci ba ya jiran hukumomi su gama jayayya kafin ya zaɓi tazarar da ta fi, ko ya sa inji mara ƙara, ko ya ɗaga bututun hayaƙi sama da katanga.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai inda muke ɓarnar fushinmu. Da an kafa ƙarfe sai ka ji an ce yana sa kansa, yana hana haihuwa. A 2020 har cewa aka yi 5G ce ta kawo korona, alhali ba a yi gwanjon lasisin 5G a Nijeriya ba sai Disambar 2021, ba a kuma fara amfani da ita ba sai 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu gamsasshiyar hujja cewa raunanan siginar da ke fitowa daga turakun nan tana cutar da lafiya. Cibiyarta ta binciken kansa ta sa irin wannan sigina a jerin abubuwan da ake zargi ba a tabbatar ba a 2011, kuma abin da ya ja hankalinta shi ne wayar da ake mannawa a kunne. Idan muka je gaban kamfani da maganar da ba mu da hujja a kanta, injiniyansu zai kayar da mu cikin minti biyar, mu dawo gida, hayaƙin da ake gani da ido da man da ake sansanawa a guga su ci gaba da zamansu.

Malamaina da ke zaune a gaba sun fi ni sanin cewa wannan ba sabuwar mas'ala ba ce a wurinmu. Ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani. Malaman Malikiyya sun yi hukunci a kan hayaƙin gidan burodi da na gidan wanka, da warin majema, da ƙarar maƙera, da tagar da ke leƙa gidan wani. Wani magini a birnin Tunis, Ibnur Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda tun ƙarni na 14. Ko a al'adarmu, wanda zai hau soro ko bishiya a cikin gari sai ya yi sanarwa mata su kintsa. Yau ma'aikaci yana hawa ƙarfe mai tsawon gaske, tsakar gida goma na ƙarƙashinsa, babu wanda ya aika ko yaro ya faɗa. Sanarwar nan ba ta cin ko sisi, ba kuma za ka gan ta a rahoton shekara na kowane kamfani ba, amma a unguwa irin tamu tana cikin abin da ake auna mutunci da shi. Maƙwabcin da kwatarsa ke malala cikin zaurenka duk shekara, ranar Sallah ya aiko maka da cinyar rago, za ka karɓa ka yi godiya, amma ka san abin da ka fi buƙata a wurinsa.

Kamfanonin sun yi alkawarin rage hayaƙi. Uwar kamfanin MTN ta sa 2040 a matsayin shekarar da za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take kawarwa, Airtel Afirka ya sa 2050. Ana kuma ƙara sa faifan sola da batura a turaku, kuma tsadar dizal ta fi kowane wa'azi saurin tura su can. Rana dai ba ta yi mana rowa a Zariya. Sai dai batir ma yana da nasa sharrin. Tsofaffin batura na dalma ne da ruwan asid. Idan suka mutu, ko aka sace su, sukan ƙare a hannun masu fasa su da guduma su narka dalmar a fili. Mun ga abin da dalma take yi a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Waccan daga haƙar zinariya ta fito, ba daga batir ba, amma gubar ɗaya ce, kuma yaron da bai mutu ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. Tambayar da ya kamata a yi wa kowane mai turke ita ce: batir nawa ka cire bara, kuma a hannun wa suka ƙare?

Haka matattun wayoyi da caja da na'urorin intanet. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Masu gyaran waya a PZ, da takwarorinsu na Farm Centre a Kano, suna yi wa muhalli hidimar da ba a yaba musu, domin duk wayar da suka tayar an rage shara ɗaya. Abin da ya gagare su yana komawa ga 'yan jari-bola, a ƙona roba don a ciro jan ƙarfe, yara na tsaye a cikin hayaƙin. Tun 2018 aka kafa wata ƙungiya, EPRON, don masu shigo da kayan lantarki su ɗauki nauyin tattara su idan sun mutu. Kamfanin layi zai ce ba shi ke ƙera waya ba. Gaskiya ne. Amma babu wanda ya kai shi yawan shaguna da wakilai a lunguna, babu kuma wanda zai iya aika saƙo ga mutum miliyan hamsin a yini ɗaya. Da zai ce duk wanda ya kawo matacciyar waya za a ba shi data, da wata guda ya isa a ga bambanci.

Sai haƙƙin mai layi. Mahaifiyarka ta sa katin ɗari biyar, ba ta kira kowa ba, da safe ta ga an zaftare, wai ta shiga wani tsarin waƙa ko na labarin ƙwallo da ba ta san da shi ba, saƙon kuma da Turanci ya zo. Yawan irin wannan koke ne ya sa NCC ta fito da lambar 2442 a 2016 don toshe saƙonnin talla, ga kuma 622 ta kai ƙara kyauta idan kamfani bai saurare ka ba. Ku rubuta lambobin nan, ku koya wa na gida. Naira ashirin da aka cire ba da izini ba, idan aka ninka ta da miliyoyin layuka, ta fi ƙarfin rijiyoyin burtsatse da yawa. Kuma tunda NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, mai saye yana da bakin tambayar inganci, da bayanin sharuɗɗa cikin harshen da yake ji.

Tsaro ma yana ciki. A Oktoban 2015 NCC ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda rashin katse layuka sama da miliyan 5 da ba a kammala rajistarsu ba, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. A yankin da masu garkuwa da mutane suke ciniki ta waya, rajistar layi magana ce ta rai. A watan Satumban 2021 gwamnati ta sa aka rufe sabis a Zamfara, sannan a sassan Katsina da Sakkwato, a ƙarshen watan kuma a wasu ƙananan hukumomin jiharmu ta Kaduna, har zuwa ƙarshen Nuwamba. Umarnin hukuma ne, kamfani ba shi da ikon ƙi. Amma yana da ikon bayyana wa jama'a wanda ya ba da umarnin da iyakarsa, da kuma tabbatar da cewa datar da mutum ya saya ba ta ƙone a kwanakin da aka hana shi amfani da ita ba.

Kada in tashi ban faɗi namu laifin ba. Man da ake zuƙewa daga tanki da batirin da ake ɓallewa da dare ba aljanu ke ɗauka ba, kuma a kasuwanninmu ake sayar da su. Masu aikin hanya suna tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa, gari ya wuni babu sabis. Hukumomi barkatai suna bin turke ɗaya da takardun haraji iri-iri. Jihar Kaduna ta yi abin kirki a 2020 da ta yafe kuɗin shimfiɗa wayar intanet a gefen hanya, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. Sannan akwai mai filin da ya karɓi kuɗin hayar shekaru a dunƙule, ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, bai shawarci na kusa da shi ba, wani lokacin ma ya kwashe iyalinsa ya koma wata unguwa ya bar wa maƙwabta ƙarar.

A wurin wannan takarda nake ganin za mu iya yin wani abu da hannunmu. Dokar kamfanoni ta 2020, a sashe na 305, ta ce daraktan kamfani ya lura da tasirin aikin kamfaninsa a kan muhallin al'ummar da yake kasuwanci a cikinta. Ga KASUPDA mai ba da izinin gini, ga KEPA ta muhalli a jiha, ga NESREA ta tarayya. Iyayenmu masu unguwanni, ina roƙonku, duk wanda zai ba da hayar fili don kafa ƙarfe, a zauna da shi da maƙwabtansa na kusa kafin ya sa hannu. A rubuta tazara. A rubuta irin injin da za a sa da inda hayaƙinsa zai fuskanta. A yi wa tankin mai daɓen siminti mai baki, yadda ko ya yi yoyo ba zai shiga ƙasa ba. A auna ruwan rijiyoyin da ke kusa kafin a fara aiki, don gobe in an yi gardama a sami abin kwatantawa. A liƙa suna da lambar wanda za a kira a jikin ƙofar, ba lambar maigadi ba. In za a sa sola, a nemi fitila ɗaya ta haska lungun. Ku kuma ɗalibanmu na Tsangayar Shari'a da ke nan Kongo, tafiyar ƙafa ce tsakaninku da unguwannin nan. Ku karɓi irin waɗannan takardu ku karanta wa iyayenku da Hausa, sakin layi bayan sakin layi, musamman wurin da ya faɗi wanda zai biya idan ƙarfe ya faɗi ko rijiya ta lalace, da wanda zai kwashe kayan ya gyara filin ranar da haya ta ƙare.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.